Zarton Baba Jibo

Bari in fara da na daɗin, don in ban faɗa ba cikina fashewa zai yi. Na haihu! Mace, sunanta Nana Hadiza, kuma duk wanda ya ɗauke ta sai ya ce hancin babanta ta kwaso tsaf. Na biyu kuma, mijina Sabitu ya samu aikin ƙofofi da tagogin wani sabon gida a Dabawa, aikin da bai taɓa samun irinshi ba tun da ya kafa 'yar rumfar kafinta a nan Dutsin-Ma. Ya yi, ya gama, mai gidan har ya turo mashi wasu mutum biyu. To amma yadda aka yi ya samu kayan da ya yi aikin da su, shi ne ya tsaya mani a wuya, shi ya sa na ce sai na rubuta kowa ya ji.

Da can kayan aikin Sabitu abin tausayi ne. Zartonshi irin na kasuwa ne, da ya haɗu da katako mai tauri sai ya lanƙwashe. Gudumarshi kuwa sau biyu kanta yana ficewa, rannan saura kaɗan ta fasa mani tukunyar miya.

Ina cikin jego, na fito daga wankan ruwan zafi, na sha kunun kanwa na kwanta, yarinya tana shan nono, ni kuma ina ta latse-latsen waya. Akwai wani shafi da mutane ke saka tallan kayansu na hannu, daga firji har keken ɗinki. Ni bahon wankan jarirai ma nake nema. Sai na ci karo da hoton wani zarto a kan tabarma, an rubuta a ƙasa: "Kayan aikin kafinta na marigayi mahaifinmu. Tsohon ƙarfe na asali. Araha. Kurfi."

Da Sabitu ya shigo cin abincin rana na miƙa mashi. Ya buɗa hoton da yatsu, ya yi ta dubawa har tuwonshi ya huce.

"Mas'uda," ya ce, "an daina yin irin wannan ƙarfen. Ko a Kano sai ka sha yawo."

"To kira mana, Baban Nana, kafin wani ya riga ka."

Ya kira. Mai kayan sunanshi Badaruddeen, muryarshi a sanyaye, har Sabitu ya yi mashi gaisuwar rashi a wayar, ya amsa da amin. Washegari direban motar Kurfi ya kawo zarton tasha. Bayan kwana uku aka sa gizago, muka saya. Sai magagarai na wasa ƙarfe, sai sukwaya ta auna kusurwa, sai awartaki. Ni ce mai gadin waya, da na ga an sa sabo sai in ƙwala mashi kira. Wallahi daɗi nake ji, har ina yi mashi gori wai wayar da yake cewa tana cinye mani lokaci ga shi ta yi rana.

Kowane ƙarfe a naɗe yake zuwa cikin tsumma, kuma a ƙotar kowanne akwai ɗigo uku da aka ƙona da ƙusa mai zafi. Rannan Sabitu ya shafa bakin gizagon ya shinshina yatsanshi.

"Yaushe mutumin nan ya rasu ne? Man da ke jikin nan ɗanye ne."

"Ɗan ne ke shafawa mana," na ce. "Ka ga ɗa na gari."

Ranar Juma'a har na sa Innata ta soya waina aka raba a ƙofar gida, ladar ta kai ga marigayin.

Da na yi arba'in, na fara yawon kai yarinya dangi su gan ta. Ina da gwaggo a Kurfi, Gwaggo Kyauta. A lokacin saura abu ɗaya a shafin, magogin katako, wannan da ake turawa a kan katako yana fitar da ɓawo har ya yi santsi. Sabitu ya gama magana da Badaruddeen a kanshi, ya ce tunda za ni Kurfi in karɓo. Ni kuma na ce ai bai kamata mu kwashe kayan mutum kaf ba tare da ƙafarmu ta taka gidanshi mun yi ta'aziyya ba. Gwaggo ba ta san gidan ba, unguwarsu da nisa, sai na bi kwatancen waya a kan mashin, Nana a bayana.

Na yi sallama. Wata mata tana tsakar gida tana wanke shinkafa, ita ce Rekiya, matar Badaruddeen. Na cire takalmi na durƙusa yadda ake yi.

"Ya muka ji da haƙuri? Ashe Baba lokaci ya yi. Allah ya jiƙanshi, ya sa ya huta."

Ta ɗago ta kalle ni. "Wane Baban?"

"Baban maigidan. Kafinta."

Ƙwaryar ta kusa suɓuce mata. Ba ta ce amin ba, sai ta waiga can gefen turken awaki, inda wani ɗan ɗaki yake da buhu a matsayin labule. Daga ciki wata murya ta fito, mai nauyi, kamar harshen ya yi ma bakin yawa.

"Rekiya, wa ya mutu?"

Ban san lokacin da na miƙe na ɗaga buhun ba.

Wani tsoho ne a jingine da bango, a kan yagaggiyar katifa. Ɓarin jikinshi na dama ya shanye, bakin ya karkace, hannun yana kwance a cinyarshi kamar ba nashi ba. Kusa da shi akwai wani akwatin katako mai kyau, a buɗe, kusan babu komai a ciki. Ga 'yar kwalbar mai, ga tsumma. A kan cinyarshi kuwa magogin nan ne da na gani a waya, yana shafa mashi mai da hannun hagu.

"Shigo, ɗiyata," ya ce. "Ni ne Jibo. Wa aka ce maki ya mutu?"

Na durƙusa. Idona ya sauka kan ƙotar magogin, ga ɗigo ukun nan. Ya bi idona da kallo.

"Kin san alamar nan?"

"Mijina kafinta ne, Baba. A Dutsin-Ma."

Ya daɗe yana kallona. "Badaru ya ce mani aro ya ba wani abokinshi. Kullum ina tambaya, ya ce aikin bai ƙare ba." Ya shafa ƙotar magogin. "Ni ne marigayin ko?"

Sai ya yi dariya da rabin baki, hawaye na zuba ta ido ɗaya. Ya ce in juyo mashi da yarinyar ya gani. Ya tofa mata addu'a, ya ce Allah ya raya.

Ina fitowa Badaruddeen yana shigowa, da farar shadda da waya biyu a hannu. Rekiya ta raɗa mashi. Ko a jikinshi.

"Hajiya, ke ba ki san kasuwar waya ba," ya ce. "In ka ce kayan marigayi ne, mutane sun fi yarda na asali ne, kuma ba sa ja maka dogon ciniki. Salon talla ne kawai. Na kashe shi ne?"

"Amma Malam, yana raye, kuma bai sani ba."

"To da wane hannun zai yi aikin? Ga damina, tsatsa ce za ta cinye su a banza. Kuma kayan nan ko yau ko gobe ai nawa ne, ni kaɗai ne namiji. Ko kin san abin da magani yake ci?"

Ni dai ban ga ko kwalin magani a ɗakin ba. Na ce ba zan karɓi magogin ba, na saɓa goyona na fita. Ban ko ci abincin Gwaggo ba ranar.

Washegari da hantsi sai ga kiran direba daga tasha, wai an ba shi saƙon Sabitu. Magogin ne. Ko tsumma ba a naɗe shi ba wannan karon.

Ranar ni da Sabitu muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba.

"Ka mayar mashi da kayanshi, Baban Nana."

"In mayar in yi aikin Dabawa da me? Da haƙorina? Mu fa ba sata muka yi ba, halal muka saya."

"Daga hannun wa? Mai kayan ya sayar maka?"

"Mas'uda, ko na mayar, gobe ɗan zai sayar ma wani. Gara a hannuna, ni na san darajarsu."

Ka ji fa. Kowa da irin tashi hujjar, har da nawa mijin. Ni ma ɗin ba zan wanke kaina ba, don da ya ce in bari ya gama aikin tukuna, sai na ƙyale shi, saboda ina son aikin nan ya yiwu kamar me.

Bayan sati biyu na kasa daurewa, na dama kunun gyaɗa na zuba a fulas na koma, wannan karon da Gwaggo Kyauta. Abin da na fara gani, kwanon tuwo a bakin ƙofar ɗakin, daga waje, kaji sun kewaye shi suna ci. Shi kuma yana ciki yana kallonsu, tsakaninshi da kwanon bai fi taku uku ba.

"Rekiya," in ji Gwaggo, "a nan kike aje mashi abinci?"

"To Inna, ya zan yi? Surukina ne fa. Ni ban taɓa shiga ɗakinshi ba tun da aka kawo ni gidan nan, da kunya. In maigidan ya dawo shi ke miƙa mashi."

"Yaushe yake dawowa?"

"Wani lokacin la'asar."

"Kunyar ta hana ki shiga, amma ba ta hana ki kallon kaji suna cinye mashi abinci ba?"

Ta turo baki ta ce ita ma da 'ya'ya huɗu take fama, kowa ya zo sai ya ga laifinta.

Akwatin katakon babu shi. Shi ma an sa shi a waya, ni ce ban lura ba. Wurin da yake zaune da, sai shatinshi a ƙasa, ruwan da rufin ke zubarwa ya taru a gefe. Baba Jibo ya rame, wuyanshi ya fito. Hannun daman nan da na bari a buɗe, yanzu ya dunƙule, farata sun shige cikin tafin.

Ina ba shi kunu da cokali yana yi mani bayani a hankali. Wai da aka sallame shi daga asibiti, likita ya ce ya riƙa damƙe wani abu da hannun kullum, yana saki, ko jijiyar za ta farka. Shi kuma sai ya zaɓi ƙotar magogin, don shekara arba'in hannun ya san ta. Kullum da safe sai ya ɗauki hannun daman da na hagu ya ɗora a kai.

"Har babban yatsan ya fara motsi, ɗiyata. Wallahi ya fara."

"To Baba, ko ludayi ne ka riƙa damƙewa mana."

Ya girgiza kai. "Bai san ludayi ba."

Kwalbar man tana nan. Na ga ya shafa ma 'yar sakatar tagar da ke kusa da kanshi, tana ta ƙyalli. Ita kaɗai ce ƙarfen da ya rage mashi a ɗakin.

Da zan tafi ya riƙe bakin mayafina. "Mijin naki yana wasa zarton? Ki ce mashi kada ya ba masu injin nan, za su cinye mashi haƙora. Da magagari ake bi, ɗaya bayan ɗaya."

Na fito ina kuka, Nana ma ta kama.

Ranar da Sabitu ya kafa ƙofa ta ƙarshe a Dabawa, ban bari ya cire takalmi ba. Na ce ga ruwa ka sha, gobe Juma'a Kurfi za mu. Bai yi musu ba. Ina jin tun da na gaya mashi saƙon zarton abin ke cin shi.

Mun tarar da Baba Jibo a kwance, fuska ga bango. Rekiya ta ce kwana uku bai yi ma kowa magana ba, wai fushi yake, tsufa ne. Sabitu ya yi sallama ya gaishe shi, shiru. Ya sake, shiru. Sai ya zaro magogin daga jaka ya dire shi a ƙasa, a kan bakin ƙarfen. Ƙarar ƙarfen ta ɗan fito.

Tsohon ya juyo kamar an tsikare shi.

"Kai! Wane sakaran ne ya koya maka aiki? A kan baki ake aje magogi? Kwantar da shi ta gefe!"

Sabitu ya yi wuf ya kwantar da shi, yana "Yi haƙuri, Baba, yi haƙuri." Ni kuwa dariya da kuka suka haɗe mani.

Aka tada shi zaune. Ya karɓi magogin ya ɗaga saitin ido ɗaya, ya ce bakin ya fito da yawa ta gefe guda, shi ya sa yake cizon katako. Ya sa Sabitu ya ɗan bubbuga nan, ya sassauta can. Sannan ya ce a samo mashi guntun katako. Sabitu ya danne katakon da gwiwa, ya ɗauki hannun daman nan da ya dunƙule, ya buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya ya ɗora a kan ƙotar. Baba ya tura da na hagu. Sau ɗaya, sau biyu. A na uku sai ga ɓawon katako ya fito, siriri, ya nannaɗe kamar zobe. Ya ɗauka ya sa ma Nana a hannu, ta damƙe.

"Ga tukwicin zuwa, amarya," ya ce mata.

Ranar ya shanye kunu kofi biyu. Sabitu ya ce, "Baba, wannan naka ne, na bar maka. Sauran ma zan kawo." Ya ce a'a, sauran su zauna inda ake aiki da su, ƙarfe ba ya son zaman banza. Wannan ɗin dai ya isa.

A hanyar dawowa, a kan mashin, har waƙa nake yi ma Nana.

Kwana huɗu. Ranar Talata da safe ina ba yarinya nono na buɗe shafin nan, sai ga shi. Magogin, a kan tabarmar nan dai. Ko kalma ɗaya bai canza ba: kayan marigayi mahaifinmu.

Nan take na kira Badaru.

"Malam Badaru, ba ka ji tsoron Allah ba?"

"Hajiya, ku fa kyauta kuka ba Baba, ko ba haka ba? To abin Baba na wa ne? Kuma abu mai kaifi a hannun mara lafiya, in ya yanke kanshi ku za ku kai shi asibiti? Ni taimakonshi na yi."

"To kada ka ba kowa, ga Sabitu nan zuwa."

"Ai kin makara. Wani daga Katsina ya riga ya turo a ɗaukar mashi."

Gwaggo Kyauta ce ta ci gaba da leƙa shi, don ni Nana ta kama zazzaɓi. Ta ce lokacin da Badaru ya zo ɗauka, sai da ya ɓamɓare yatsun tsohon daga ƙotar, hannun daman nan da aka ce ya mutu. Ta ce daga ranar ko ta kai cokali bakinshi sai ya kau da kai. Ba ya faɗa, ba ya kuka. Kwalbar man ma ya tura ta gefe.

Kwana tara ya yi. Ranar Alhamis da hantsi Gwaggo ta kira ta ce Baba Jibo ya cika.

Sabitu daga wurin aiki ya biyo ya ɗauke ni, jakar kayanshi tana ɗaure a bayan mashin. Gidan ya cika. An share ɗan ɗakin nan tas, an kunna turaren wuta, har an cire buhun an sa labule. Rekiya tana tsakiyar mata tana sharɓar kuka tana cewa Baba mutumin kirki, bai taɓa ɗaga mata murya ba. Na durƙusa daidai inda na durƙusa wancan karon. Na riga na yi ta'aziyyar nan tun yana jina da kunnenshi.

Abin da ya faru a maƙabarta Sabitu ne ya ba ni labari. Wai da aka zo jera itacen da ake rufe kabari, sai aka ga sun yi tsawo, sai an rage. Aka ce a kawo abin yanka. Aka aika gidan mamacin, gidan mutumin da ya shekara arba'in yana yi ma rabin garin ƙofofi, aka rasa ko guntun zarto. Mutane suka tsaya cirko-cirko da gawa a gefe, Badaru yana ta latsa waya wai zai kira a kawo gatari.

Sai Sabitu ya je mashin ya kwanto jakarshi.

Ya ce zarton yana shiga itacen kamar ba ɗanye ba, don a daren jiya... a'a, da safiyar ranar ma ya zauna ya bi haƙoran da magagari, ɗaya bayan ɗaya, yadda aka aiko mashi. Da ya gama, wani dattijo, Malam Ɗanmusa, abokin Baba Jibo tun suna yara, ya miƙo hannu ya karɓa. Ya juya ƙotar. Ya sa babban yatsa a kan ɗigo ukun nan. Sannan ya ce, ba da Sabitu yake ba, da zarton yake:

"Ashe kai dai ka zo raka maigidanka."

Duk tsofaffin wurin sun san alamar. Suka juya suna kallon Badaru, shi kuma ya sa wayar a aljihu.

To ni ba malama ba ce, ban san hukuncin da ke kan wanda ya raba gadon ubanshi uban yana numfashi ba, malamai su faɗa. Abin da na sani, ba ciwon ne kaɗai ya kashe Baba Jibo ba. An ɗauke shi ne guntu-guntu, ana naɗewa a tsumma ana ba direba, mu kuma muna tasha muna karɓa muna murnar araha. Ɗan ya ce talla ce. Surukar ta ce kunya ce. Mijina ya ce halal ce. Ni na ce bari a gama aikin Dabawa.

Har yanzu ina shiga shafin, ba zan yi maku ƙarya ba, can na samo ma Nana bahon ma. Amma in na ga an rubuta kayan marigayi, sai na tambaya yaushe ya rasu, a ina aka rufe shi. Wasu su amsa, wasu su kashe wayar.

Zarton yana rataye a rumfar Sabitu, kullum da safe sai ya shafa mashi mai kafin ya taɓa komai. Ɓawon katakon nan kuwa yana cikin gwangwanin da nake aje 'yan kunnen Nana. In ta yi wayo zan nuna mata, in ce wani tsoho ne a Kurfi ya ba ta, da hannun da aka ce ya mutu.